Lita Nawa, a Kilomita Nawa?

Babu ƙorafin da ya kai "motar nan tana shan mai" yawa a bakin masu ƙananan motoci a ƙasar Damagaram. Za ka ji shi a tashar Takeita, hedikwatar ƙaramar hukumar Garagumsa, inda hanyar da ta taso daga Yamai ta ratso Maraɗi da Tasawa take haɗuwa da wadda ta yi kudu zuwa Matamaye da Ɗan Barto har ta faɗa Daura da Kano. Za ka ji shi a garejojin birni, da bakin malamin makarantar da ya tara albashi ya sayi tsohuwar Starlet don ya huta da bin kabu-kabu. Ƙorafin gaskiya ne, kuma yana cin aljihun mutanen da ba su da rara. Amma ka tambayi mai ƙorafin, lita nawa take sha, a kilomita nawa? Da wuya ka samu amsa. Iyakar abin da zai ce maka, da can man jika biyu yana kai shi Damagaram ya dawo da shi, yanzu kuwa ina!

Wannan amsa ita ce tushen matsalar. Jika biyu kuɗi ne, ba awo ba ne. Abin da suke saye bara ba shi suke saye bana ba. Mutumin da ba zai yarda a auna masa gero a kasuwa ba sai ya tsaya a kan tiya ya ga ta cika ta batse, shi ne zai tsaya a gidan mai ya ce "zuba mini na jika uku", ya ja motarsa bai san lita nawa aka zuba ba, balle nisan da suka kai shi. Daga nan sai gareji, sai "Maigida, a rage mata mai." Ni a ganina, yawancin kuɗin da ake zubarwa a kan gyaran shan mai asara ce, domin da sukudireba ake fara aikin, alhali da biro da takarda ya kamata a fara.

Ba sakarci ne ya saba mana da haka ba, yanayi ne. Shekara da shekaru yankin nan yana shan man Najeriya mai tallafi, wanda ake tsallakowa da shi ta hanyoyin daji a jera shi a kwalabe a bakin titi. Wannan man, wato ruwa-ruwa, ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba, don haka motar da ke shan lita 10 a inda ya kamata ta sha 7 ba ta hana kowa barci. Arahar ce ta rufa wa motocinmu asiri. Ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban Najeriya, Bola Tinubu, ya sanar da janye tallafin, farashi ya ninka kusan sau uku a can cikin ƴan kwanaki, kwalaben bakin titi suka yi tsada, masu motoci suka koma gidajen mai. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta sauko da kuɗin litar isansi, wato fetur, daga sefa 540 zuwa 499, dala ɗari ba tamma guda. An ji daɗin ragin, sai dai nauyin ƙasa duka ya komo kan matatar SORAZ da ke hanyar Tanut, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011, ganga 20,000 kuma take iya tacewa a rana. A Maris na 2025 kowa ya ga dogayen layuka a gidajen mai na Yamai da sauran manyan garuruwa. Wanda ya yini a layi kafin ya samu lita 10 bai kamata ya bar 3 daga ciki su tafi a banza ba.

Su kuwa motocin, sun manyanta. Tsohuwar Starlet an daina ƙera irinta tun 1999. Corolla da Opel da Golf da muke hawa yawancinsu na shekarun 1990 ne, sun gama aikinsu a Turai kafin a sauke su a Kwatano ko Lome. Amma tsufa kaɗai ba ya mayar da mota mai haɗama. Starlet mai injin lita 1.3, in lafiyarta lau, a kan kwalta, da kaya daidai misali, lita 6 zuwa 7 ya kamata ta sha a kilomita 100. In taka tana shan 8, shekaru ne da zafi da hanya, ka gode wa Allah. In ta kai 10 ko 11, akwai abin da ya lalace, kuma ana iya gano shi.

Awon ba shi da wuya. A cika tanki har baki a gidan mai, a rubuta lambar da agogon kilomita ya nuna, a ci gaba da harka kamar kullum. Bayan ƴan kwanaki a koma wurin nan a sake cikawa har baki. Litar da ta shiga a karo na biyu ita motar ta sha. A ninka ta sau 100, a raba da kilomitar da aka yi. Na san wani zai ce, ina direban haya zai ga kuɗin cika tankin lita 40 a tashi ɗaya? Gaskiya ne, amma akwai mafita. Ya fara lissafi ranar da allurar mai ta sauka kan wani layi da ya sani, ya riƙa rubuta kowace lita da ya saya, lita ba kuɗi ba, har mako biyu, ya rufe lissafin ranar da allurar ta dawo kan layin. In agogon kilomita ya mutu, kamar yadda ya mutu a motoci da yawa, nisan hanyoyinmu sananne ne: Takeita zuwa Damagaram kusan kilomita 50 ne, zuwa da dawowa 100, ga kuma wayar hannu mai taswira. Kada dai a yi awon da man kwalba, domin ba kowace kwalba ce lita ba.

Bari mu buga lissafi a kan misali. Motar da ke sawu ɗaya a rana tsakanin Takeita da Damagaram, in tana shan lita 10 maimakon 7, lita 3 ke salwanta kullum. A farashin da aka tsayar a 2024, kusan jika ɗaya da rabi ke nan. A kwana 26 na aiki, jika 39. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar a ƙasar nan tun farkon 2024 jika 42 ne. Kusan albashin mutum guda ke fita ta salansa duk wata. Akwai kuma asarar da ta fi ta kuɗi ciwo. Sau da yawa mai mota yana gida yana zargin direbansa da zuƙe mai yana sayarwa, direba yana rantsuwa, zargin yana cin ransa, har a rabu baram-baram, alhali wata ƴar roba ce ta tsage a ƙarƙashin motar. Littafin awo yana wanke mai gaskiya, wanda kuma ba shi da ita ba zai jure masa ba.

Abu na farko da awo kan nuna, wanda mutane ba sa son ji, shi ne wani lokaci motar ba ta da laifi ko kaɗan. Don mutum biyar da ƴan jakunkunansu aka ƙera Starlet. Ranar kasuwa mukan cusa mata bakwai ko takwas, buhunan gero da wake a but, a ɗaure murfin da igiya, a tula wasu kayan a sama. Nauyi yana cin mai, amma a kan kwalta kayan sama sun fi shi ci, domin iska suke tarewa, turjiyar iska kuwa in gudu ya ninka biyu, ita huɗu take ninkawa. Shi ya sa mai tafiya a 80 da mai taka 110 a hanyar Tasawa ba mai ɗaya suke sha ba, ko da motarsu iri ɗaya ce. Mai shiga ƙauyuka cikin rairayi a giya ta biyu, injin yana kuka mota tana rarrafe, shi ma kada ya gwada shan mansa da na mai bin kwalta. Ga kuma barin mota a kunne a tasha ana jiran fasinja, saboda batir ya yi sanyi ana gudun turi. A nan batir za a gyara, ba kafireta ba.

In an cire waɗannan, awo kuma ya nuna har yanzu da ɓarna, sai a bi ta daga mai araha zuwa mai tsada. A ajiye motar ta kwana a busasshen wuri, da safe a leƙa ƙarƙashinta, a kunna ta a bi tiyon mai da ido da hanci tun daga tanki har injin. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana busar da roba ta tsattsage. Wanda murfin tankinsa ya ɓace ya toshe da tsumma ko leda, rana ce ke shan rabonta kullum, domin fetur tashi yake yi. Wannan ya wuce batun asara, batun gobara ne a motar da ke ɗauke da mata da yara. Sai tayoyi. Direbobinmu sun san a rage iska kafin a shiga rairayi, dabara ce mai kyau, amma da yawa ba sa mayar da ita in sun hau kwalta. Ƙaramar mota wajen kilo 2 take so a kowace ƙafa. Taya mai laushi tana jan mota baya, tana ɗaukar zafi, tana cinyewa da wuri. Sai birki: bayan ƴar tafiya, a tsaya a kusantar da hannu ga kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi, ko birkinta ke kamawa ko boris ya tafi. Duk binciken nan bai ci ko dala ba.

A kan injin ma ido ne gaba. Injin fetur yana son a haɗa masa kusan kashi 15 na iska da kashi ɗaya na mai, bisa nauyi. In mai ya yi yawa ba ya ƙonewa duka, sai baƙin hayaƙi da warin ɗanyen mai. A kwance buji, waɗanda a Najeriya ake ce wa fulogi, a jera su yadda suke a injin. Kan da ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa. Fari fat, man ya yi kaɗan, injin yana cikin haɗari. In guda ɗaya ne ya bambanta da sauran ukun, matsalar ta silinda ɗaya ce, wataƙila wayar wutarta ce ta tsage. Silindar da ba ta kama wuta, man da aka ba ta ɗanye yake wucewa salansa, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na abin da aka saya.

A nan nake da babbar jayayya da al'adar "a rage mata mai". A motoci masu kafireta, irin Starlet da Corolla masu injin 2E, akwai wani ɗan sukuru da ke daidaita man sulo, wato lokacin da injin ke aiki mota tana tsaye. Shi makanike ke murɗawa in an ce ya rage mai, wani har ya matse jet ko ya cusa masa siririyar waya. Mai mota ya tafi yana murna. Amma sukurun nan kusan ba shi da iko a kan man da ake sha a guje. In kuwa jet aka matse, mota ta rasa ƙarfi, direba ya ƙara danna totur, ya daɗe a ƙaramar giya, man da aka ce an rage ya fita ta wata hanya. Mafi muni, haɗin da mai ya yi wa kaɗan zafi yake ƙarawa, bawul ya ƙone, injin ya fara tafasa. Shi kuwa ainihin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba. Ko allurar da ke tsayar da mai in kofin kafireta ya cika ce ta cinye tana yoyo, ko fulot ne ya huje ya nutse, ko cok ɗin da ke toshe iska da sanyin safiya ne ya maƙale bai buɗe duka ba, ko lokacin wuta ne ya goce don da kunne aka saita shi. Kowannensu ana iya ganinsa a gyara shi ba tare da an tauye injin ba.

Matatar iska ma tana cikin sahun, musamman a ƙasar da hunturu ke rufe rana da ƙura. Wani gwaji da cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta yi a 2009 ya nuna cewa a mota mai kafireta toshewar matata tana ƙara shan mai, a mai nozul kuwa kwamfuta tana rage man daidai da iskar da ta shigo, sai dai motar ta rasa ƙarfi. Ko ma wace iri ce, cire matatar gaba ɗaya don "mota ta yi numfashi" kashe injin ne a hankali. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, tana shiga silinda tana cin ringi.

Amma da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi cutar da ƙananan motocinmu, tamosta zan zaɓa, wato rashinta. Ƴar ƙofa ce a kan hanyar ruwa tsakanin injin da lagireto. Tana rufe da safe don injin ya yi saurin ɗumi, ta buɗe in ruwa ya kai digiri 80 da ɗoriya, daga nan ta riƙe shi a wannan zafin. Mota tana isowa, wani lokaci kafin ma a yi mata lamba, akan ce "wannan ta ƙasar ƙanƙara ce, mu nan zafi gare mu", a cire ta a jefar, a jona fanka kai tsaye ta yi ta juyawa daga kunnawa har kashewa. Maganar tana da daɗin ji, amma kuskure ce. Zafin da injin yake so ya ninka na bazararmu, kuma kamfanin da ya ƙera motar yana sayar da irinta a Saudiyya da Ostareliya da tamostarta a ciki. Injin da bai kai zafinsa ba ba ya ƙone mai da kyau. A mota mai nozul, kamar Starlet mai injin 4E-FE, abin ya fi tsanani, domin akwai wata ƴar na'ura, sansa, da ke gaya wa kwamfuta zafin ruwa. Muddin ta ce da sanyi, kwamfuta za ta yi ta ƙara mai kamar yanzu aka tayar da motar. Da asubar hunturu, iska tana bugun lagireto, fanka tana juyawa, mota na iya zuwa Damagaram daga Takeita allurar zafi ba ta ɗaga ba. Direba ya gani ya ce "motata ba ta zafi", bai san a nan kuɗinsa ke tafiya ba.

Ban ce tsoron masu cirewa ba shi da tushe ba. Tamostar da ta maƙale a rufe tana iya ƙona gasket ta kashe injin cikin ƴan mintoci, wanda kuma hakan ta sama a daji daidai ne ya cire ta don ya isa gida. Amma ya sa wata in ya isa. Gwada ta ba wuya: a jefa ta a tukunyar ruwa a ɗora a wuta, mai lafiya za ta buɗe kafin ruwan ya tafasa, ta rufe in ya huce. Da yawa daga motocin da ke tafasa ba ita ce ke sa su ba. Lagireto ne ya toshe daga ciki da gishirin ruwan rijiya, daga waje da ƙura da ƙaiƙayi, ko murfinsa ya daina riƙe matsi, ko kuma rage man nan ne ya jawo zafin. Ka ga yadda gyara ɗaya marar awo ke haifar da wani: an matse mai, mota ta yi zafi, an cire tamosta, shan mai ya ƙaru, an koma a sake matsewa.

Motoci masu nozul suna da wata sansar a jikin salansa, wadda ke shinshinar hayaƙi tana gaya wa kwamfuta ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Tana tsufa ta mutu, wani lokaci kuma ana tsinke wayarta wajen yanke salansa don a ciro tukunyar tace hayaƙi, wadda ake saye saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta. In sansar ta mutu, kwamfuta a makance take zuba mai. Motar za ta tashi, za ta yi gudu, ba wata ƙara. Aljihu kaɗai ke ji. Mutane suna zaton sai an kai irin waɗannan motoci Kano ko Yamai an jona musu na'ura. Ramin jona na'urar nan ya zama dole ne a Amurka daga 1996, a motocin fetur na Turai daga 2001, don haka da yawa cikin tsofaffin motocinmu ba su da shi ma. Amma tsofaffin Toyota masu nozul suna da ƴar akwati a gefen injin. In aka haɗa ramukan da aka rubuta wa TE1 da E1 da guntuwar waya, aka murɗa makulli ba a tayar ba, fitilar injin da ke gaban direba za ta riƙa ƙyaftawa tana ba da lamba: 21 sansar salansa ce, 22 ta zafin ruwa. Abin takaici, a motoci da yawa an cire ƙwan fitilar don kada ta kori mai saye. Duk mai irin wannan mota ya duba: fitilar ta kama in an murɗa makulli, ta mutu in injin ya tashi. In ba ta kamawa sam, a gyara ta kafin komai.

Sai an gama da duk waɗannan sannan a yi zancen sauke injin. Shuɗin hayaƙi, ƙarin baƙin mai duk mako da rashin ƙarfi ko a fili alamun ringi ne da bawul da suka cinye, amma akwai agogon auna matsin silinda da ke tabbatarwa, bai kuma kamata a sauke injin kowa ba a gwada shi ba. Shi ma man kansa abin dubawa ne. Wanda aka garwaya da kananzir, ko ruwa da yashi suka shiga, yana toshe jet da nozul. Ba na yi wa masu sayarwa a kwalba kuɗin goro. A ƙauyen da ba gidan mai, su ne ke ceton mai naƙuda da tsakar dare. Wanda dai ya saya ya tace da ƙyalle mai tsabta, ya canza matatar mai a kan kari.

Zalunci ne a ɗora wa makanikai laifin nan duka. Mutanen da suka riƙe motoci masu shekara 30 a kan hanya, da kayan gyaran da sai an sha wuya a samo daga Ƙofar Ruwa a Kano, ga rufe iyakar Benin a 2023 ya tsawaita hanyar kaya, ga jabu ya cika kasuwa, ba jahilai ba ne. Matsalar tana ga yadda muke biyansu. Ba ma biyan kuɗin bincike. In makanike ya ɓata awa guda ya gano cewa iskar taya ce da birkin baya, ya ce "Alhaji, injinka lafiya lau", sai a ce masa "madalla, sannu da aiki", a ba yaransa na shayi. In kuwa ya kwance kafireta ya baje ta a kan buhu, ya wanke ya mayar, an ga aiki, a biya shi ba gardama. Mu da kanmu muka koya masa cewa kwancewa ce ke kawo cefane, faɗin gaskiya ba ya kawowa. Mu ne kuma ke zuwa da maganin a bakinmu, a rage mata mai, a cire mata tamosta, in ya ƙi mu wuce wurin na gaba. Mai iyali da yara masu koyon aiki a ƙarƙashinsa, sau nawa zai ƙi?

Sandikar direbobi a tasha irin ta Takeita tana da ƙarfin sayen agogon iskar taya mai gaskiya, da agogon matsin silinda, da fitilar saita lokacin wuta, ta ajiye su inda kowane ɗan ƙungiya da makanikensa za su samu. Kuɗinsu duka bai kai asarar da motoci biyu ko uku ke yi a wata ba. Cibiyoyin koyar da sana'o'i su ma su riƙa koya wa yaran gareji karanta buji da lambobin fitila kafin a ba su sufana. Kai kuma mai karatu, in kana da irin motar nan, in kana jin warin mai a cikinta ka kai ta gyara yau, wannan ba ya jira. In ba haka ba, sayi ƙaramin littafi ka ajiye a gaban mota, ka cika shi har mako biyu, ka je wa makanikenka da lambar a hannu. In ya bincika ya gano maka ciwon, ka biya shi haƙƙinsa cikakke ko da bai kwance ƙusa ɗaya ba.